Benson da Sitiyarin Motar Aro

A wani layi da ke gangarawa kasuwar Narayi akwai wani mutum Benson, wanda ya taɓa yin wata bakwai yana gadin ƙofar wani kamfanin haɗa motoci. Aikinsa shi ne ya ɗaga sanda in mota za ta fita, ya sauke in ta wuce. Shekara ashirin ke nan da aka sallame shi, amma har yau in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ƙera injin kowace motar da ta bi ta ƙarƙashin sandar nan. Yana da shuɗiyar rigar aiki da ya saya a gwanjo, da sifana uku, ɗaya ma ta keke ce. Burinsa ya buɗe gareji a ƙofar gida. Har ya sa an rubuta masa allo mai ɗauke da "Injiniya Benson", ya jingine shi bayan ƙyaure. Abin da ya rage masa, in ji shi, mota ɗaya tak da zai gyara a gaban jama'a, labari ya bazu.

Matarsa Celina ita aka zaɓa bana Uwar Zumunta, wato shugabar matan cocinsu. Ranar Asabar ɗin nan ake gasar waƙa ta zumuntar mata a Romi, coci goma sha biyu, za a fara ƙarfe goma, ƙuri'a kuma ta ba su lamba biyu. Dokar gasar ba ta da kwana-kwana: a kira sunan cocinku sau uku, in ba ku fara waƙa ba a soke ku, sai baɗi. Wata huɗu matan suka yi suna koyon waƙar nan. Talatin daga cikinsu sun riga sun wuce a bas tun da sassafe. Aka bar Celina da makaɗa huɗu da kayan kiɗa: tuluna uku na yumɓu waɗanda ake bugawa a baki da soso, da ganga, da caki. Tulu ba ya son cunkoson bas, shi ya sa ta aro tsohuwar motar yayanta George mai dogon baya. Ran Laraba ya kawo ta, da yatsa ɗaya ya murɗa sitiyari ya shigo da ita tsakar gida, ya miƙa mata makulli ya ce ta tuƙa da kanta. Ya maimaita "da kanki" yana kallon inda Benson ke zaune.

Ƙarfe takwas aka gama loda kaya. Celina ta gyara ɗaurin ankonta, ta ta da mota, ta kama sitiyari za ta karkata wajen ƙofa. Ya ƙi. Ta sa hannu biyu, ta dafe da ƙafa, ta ja har ɗankwalinta ya zame, da ƙyar ya motsa kamar ana juya turmi a cikin taɓo. Ta kashe mota ta zaro waya za ta kira Malam Zakariyya'u, bakaniken da ke zuwa daga Makera kullum yana aiki a kwanar kasuwa. Kafin ta samo lambar, sai ga Benson tsaye a kanta, ya riga ya sa shuɗiyar riga har da ɓalla maɓallin wuya.

"Maman Diana, ajiye wayar nan," in ji shi. "Kina da likita a gida, za ki je neman mai tallan magani a bas?"

Mama Hannatu, tsohuwar da ke buga babban tulu, shekararta saba'in kuma bakinta ba shi da birki, ta leƙo ta taga.

"Baban Diana, rediyon da ka gyara mini tun Kirsimeti har yau bai ce uffan ba."

"Mama, rediyonki kaya yake jira daga Legas. Mota daban. Minti goma."

Celina ta duba agogo. Akwai awa biyu, Romi kuwa ba nisa. Ta yi abin da mata da yawa ke yi su yi nadama, ta ce to, minti goma.

Ya sa duka suka fito. Ya zaga motar sau biyu yana ƙwanƙwasa jikinta da sifana yana kasa kunne. Sannan ya kawo jak ya ɗaga gaban motar, ya tura bulo ta kowane gefe har tayoyin gaba suka bar ƙasa. Ya shiga ya murɗa sitiyari. Sitiyarin ya tafi sumul. Ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya yi da ɗan yatsa yana kallon sama. Zuwa lokacin maƙwabta sun fara taruwa a bakin ƙofa, cikinsu har da Tony mai aski, wanda ya baro mutum da rabin kai a shago. Benson ya ce wa Charity mai ganga ta ɗan buga masa, tunda ba kullum ake ganin irin wannan aiki kyauta ba. Charity ba ta buga ba. Aka zare bulo, aka sauke mota, Celina ta shiga ta kama sitiyari. Turmin nan dai yana inda yake.

"Oga Injiniya," in ji Tony, "ko a bar ta kan bulo, su tafi Romi a haka?"

Benson bai ko kalle shi ba. Ya bayyana wa jama'a cewa gwajin ya yi abin da ake so, yanzu an gano cutar tana tsakanin taya da ƙasa. George ya cika wa tayoyin iska har sun sandare, taya kuwa in ta sandare taurin kai take yi. Ya tsuguna da tsinken ashana ya danna bakin tayar dama, ta yi ta huci har ta kwanta. Ya koma ta hagu. Celina ta ce ita dai a iya saninta taya mai laushi ta fi wuyar juyawa, ko a baro ma haka ne. Ya ce baro ba shi da inji.

Wannan karon da ta kama sitiyarin ko motsin farko bai yi ba.

Takwas da minti arba'in. Ta sake ɗaukar waya, ya riƙe mata hannu, murya ƙasa-ƙasa don kada Tony ya ji, ya ce ta rufa masa asiri, ya riga ya ga bakin zaren, mai ne. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin ɗan tankin man sitiyari. Tankin cike yake, man ja wur. Da wani ne ya ga haka, da ya mayar da murfi ya duba wani wuri. Benson ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce man ya mutu, jikinsa ne kawai ya rage. Ya ciro guntun tiyo daga bayan ɗaki, ya zura, ya sa baki ya zuƙa. Ya zuƙa da ƙarfin da ya wuce ƙima. Sai da ya yi minti uku a bakin rariya yana kaki yana tofar da jan yawu, Mama Hannatu na tambayarsa ko da gishiri.

Da ya dawo, man ya gama tsiyayewa a ƙasa, sai maganar sabo. Shagon da ake sayar da shi yana can babban titi, kuma ba a buɗewa da wuri ran Asabar. Benson ya yi tsaye yana kallon jan tabon da ke ƙasa, sai fuskarsa ta washe. Ya shige kicin. Celina ta ji ƙarar murhu, ta bi shi, ta tarar ya juye manjanta a tukunya yana narkarwa, saboda sanyin damina ya sa ya daskare a galan.

"Baban Diana, me zan gani haka?"

"Wancan ja ne, wannan ja ne. Wancan mai ne, wannan mai ne. Bature kwalba kawai ya canza masa."

"Manjan da mahaifiyata ta aiko mini daga gida?"

"Shi ya sa na amince da shi. Ba gauraye."

Ya ɗura da mazurari, rabi a tanki, rabi a kan inji. Aka ta da mota. Cikin minti biyu hayaƙi mai ƙamshi ya tashi, wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ke suyar ƙosai bai aiko ba. Sitiyari kuwa ko gezau.

Benson ya ce man yana buƙatar tafiya kafin ya zaga jijiyoyin motar, kuma a rage wa gaba nauyi kamar yadda bulo ya nuna. Ya tura mata huɗun can ƙarshen baya, kowace rungume da kayan kiɗanta, gwiwoyinsu a haɓa. Ya ce shi zai tuƙa, don aikin ya wuce ƙarfin mace. Celina ta tuna da "da kanki" na George, ta kuma duba agogo, tara da kwata. Ta ce a kai ta kwanar kasuwa wurin Malam Zakariyya'u kawai, daga nan kowa ya kama gabansa. Ta zauna a gefensa, da sharaɗin in ya ce ta ja, ta kama sitiyarin su ja tare.

Fita daga tsakar gidan kaɗai sai da aka yi gaba da baya sau tara. A na huɗu suka tsinke igiyar shanya, zanin gado ya rufe gilashin baya. A na bakwai ƙyauren ƙofa ya zana wa motar George layi tun daga fitila har ƙofar baya. Tony na tsaye a waje yana ba da hannu kamar ɗan sanda, yana cewa a ƙara kaɗan, saura ƙyaure ɗaya bai samu rabonsa ba.

Da suka hau layi sai abu ya yi sauƙi, domin hanyar miƙaƙƙiya ce kuma gangara ce har kasuwa. Tayoyin gaba na faɗin faɗaf-faɗaf, hayaƙin manja na fita ta gefen bonet, akuya biyu suka biyo su da gudu. Benson ya ji iska ta bugi fuskarsa, ya ɗauka nasara ce. Ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana danna hon yana ɗaga wa masu shaguna hannu. Ya ce wa Celina ta ji yadda motar ke tafiya sak, ko karkata ba ta yi.

"Ai ita ce matsalar," in ji Mama Hannatu daga baya.

A ƙarshen gangarar hanya ta yi kwana zuwa dama. In ba ka yi kwanar ba, lambatu ne a gabanka, bayan lambatun kuma rumfar Larai mai injin markaɗe, da layin bokitai na waken da aka jiƙa. Celina ta ce ya rage gudu. Ya ce ya gani. Ta ce ya taka birki. Ya ce ta ja. Suka kama sitiyari su biyu, ya dafe ƙofa da kafaɗa, ita ta dafe da ƙafa, jijiyar wuyansa ta fito. Motar ta ɗan karkata kamar mai sauraron gulma, sannan ta ci gaba da harkarta. Ya tuna da birki bayan lokacinsa ya wuce. Tayoyin gaba suka faɗa lambatu, hancin motar ya tsaya kamu ɗaya daga bokitin farko, bayanta ya ɗaga sama da mata huɗu a ciki.

Abin da Celina ta fara tambaya shi ne tuluna. Babu wanda ya tsage, matan sun rungume su kamar jarirai. Sannan ta tambayi ƙafafu da hannaye. Mijinta ne ba ta tambaya ba.

Kasuwa ta watse ta dawo bakin lambatu. Aka sauko da matan ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar baya. Benson ya fito yana karkaɗe riga, yana gaya wa mutane cewa da ba gwani ne a kan sitiyarin ba, da yanzu rumfar nan ta zama labari. Malam Zakariyya'u ya tsallako daga garejinsa yana goge hannu da tsumma. Ya yi musu sannu, ya ce Allah ya kiyaye gaba, sannan ya nemi izini ya buɗe bonet. Hayaƙi ya buge shi. Ya ja baya, ya sake matsowa, ya taɓa jikin injin ya duba yatsansa.

"Madam, miya kuka ɗora a nan?"

Benson ya fara bayanin ja da ja. Malam Zakariyya'u bai katse shi ba, ya bari ya gama. Sannan ya nuna wasu ƙarafa biyu masu kama da faifai, tsirara, babu komai a kansu. Ya ce abin ba shi da wuya: inji ne ke juya famfon sitiyari ta hanyar bel, famfo ya tura mai, mai ya sauƙaƙa wa hannu. Duk wanda sitiyarinsa ya yi tauri, ya fara duba iskar taya, ya duba mai, ya duba bel, kafin ya taɓa komai. Nan kuwa iska an sace ta, mai an zubar, bel ɗin ma babu shi gaba ɗaya.

"To, ka ji," in ji Benson, ya juya ga jama'a. "Sakacin George ne. Mutum ya ba ƙanwarsa mota ba bel? Ko kuma ɓarayin unguwar nan. Na sha faɗa."

Sai aka ji injin markaɗe ya yi shiru. Larai ta fito daga rumfa tana share hannu da gefen zani, fuskarta cike da fara'a, don ita ba ta san ana shari'a ba.

"Wai bel ake nema? Ai ga shi can yana aiki lafiya lau. Shekaranjiya nawa ya tsinke ana tsakiyar markaɗe, Baban Diana ya zo wucewa ya ce kada in damu, motar surukinsa bel uku gare ta, biyu sun ishe ta, ɗayan na kwalliya ne. Ya je ya ciro mini. Ko sisi bai karɓa ba, Allah ya saka masa da alheri."

Kowa ya juya ya kalli injin markaɗe. Ga bel nan baƙi, fari-fari da ƙullun wake. Aka juyo aka kalli Benson. Dariyar ta fara daga wurin masu tumatir, ta bi ta masu nama, har mai faci na can tsallake sai da ya zauna a kan taya yana riƙe ciki. Benson ya buɗe baki ya ce a tsarin motocin zamani, sai Mama Hannatu ta ce ya rufe kada sauran man da ya zuƙa ya fito.

Celina ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, ba ta da lokacin ko ɗaya. Goma saura minti biyar. Ta tambayi Malam Zakariyya'u in aka mayar da bel za su iya tafiya. Ya ce mayar da bel minti biyar ne, amma fito da mota daga lambatu, da wanke manja daga tanki kafin famfo ya sha shi, da iskar taya, sai azahar. Larai ma ta ce ita wallahi waken biki ne a gabanta bokiti shida, sai ta gama za ta ba da bel.

Celina ta tsaya tsakiyar titi ta ɗaga hannu biyu, keke napep biyu suka ci birki. Aka shigar da ganga da caki da ƙananan tuluna da masu buga su a ɗaya. Ita da Mama Hannatu da babban tulu suka shiga ɗayan. Benson ya ɗaga ƙafa zai shiga gefen direba, wai don ya nuna masa gajeriyar hanya.

"Wurin nan na tulu ne," in ji Mama Hannatu. "Shi aƙalla in an buge shi yana fitar da abu mai amfani."

Suka bar shi a bakin lambatu da sifana uku da akuya biyu masu lasar gaban mota.

Hanyar Romi ta cika da masu zuwa biki da masu zuwa kasuwa. Celina na riƙe da waya a kunne, wata daga cikin matansu na raɗa mata abin da ke faruwa a cocin: lamba ɗaya sun hau, lamba ɗaya sun kai baiti na ƙarshe, lamba ɗaya sun sauka ana tafi. Suna shiga layin cocin aka yi kiran farko. Mata talatin sun jeru a gaban alƙalai cikin anko, ba tulu ba ganga, suna kallon ƙofa. Motocin baƙi sun toshe layin, keke ya tsaya cak, saura tafiyar minti uku a ƙafa, ga tsohuwa ga tulu. Aka yi kira na biyu, har a waje suna jin lasifika.

Mama Hannatu ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta gyara tulun tsakanin gwiwoyinta a cikin keken, ta zaro soso daga jaka, ta sauke masa bugu. Tulun nan in ya yi magana ana ji har bayan layi. Charity ta ji daga ɗayan keken ta amsa da ganga, caki ya shigo. A cikin coci mai ba da waƙa ta gane kiɗansu, ta ɗaga murya daidai lokacin da mai kira ya buɗe baki zai yi na uku, mata talatin suka amsa. Direban keken, wanda ba ruwansa da gasa, ya ga abin ya yi masa daɗi, ya kutsa ta gefen kwata ya kai su har bakin ƙofa. Celina ta sauko ta shige gaba tana rausaya, makaɗa na biye, samari biyu na ɗauke da tulun Mama Hannatu tana tafe tana bugu, duk suna ƙamshin suya.

Suka zo na biyu a gasar. Babban alƙalin ya ce a shekarunsa na wannan aiki bai taɓa ganin shigowa mai tsari irin wannan ba, kiɗa daga nesa, waƙa daga ciki, ya ce sauran coci su yi koyi.

La'asar sakaliya Celina ta dawo gida. Ta tarar Benson zaune a tsakar gida ya yi wanka, labari ya riga ta isowa. Ya tashi da murmushi har kunne ya karɓi jakarta.

"Maman Diana, kin ga aikin lissafi ko? Da na kai ku da wuri, da kun shiga kamar kowa, wa zai san da ku?"

Ta zare takalmi, ta zauna, ta kwance ɗankwali ta ninke shi a hankali.

"Gaskiyarka," ta ce. "Yaya George na ƙofar gida, daga wurin Malam Zakariyya'u yake. Je ka yi masa wannan bayanin, shi bai ji ba tukuna."